Gas ɗin firji ba ya ƙarewa, mu sake masa suna

Jama'a, ina neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira refrigerant, wato abin nan da ke zagayawa a bututun firji. Yanzu kowa "gas" yake ce masa, ni kuwa ina ganin sunan nan yana cin kuɗin mutane.

Mahaifiyata na da tsohon firji ɗan Kwatano da take sanya zoɓo da kunun aya na sayarwa. Da zafin bana ya kankama, sai ya daina yin ƙanƙara. Mai gyara ya zo ya dafa bayansa, ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare." Aka biya, ya ɗura. Sati uku aka koma gidan jiya. Sau biyu ana haka, Hajiya ba ta ga abin tambaya ba, don a saninta gas abu ne mai ƙarewa, kamar na tukunyar girki.

Na firji kuwa ba ƙona shi ake ba. A rufe yake ruf. Kwamfiresa, wato injin nan da ke bayan firji, ta matse shi ta tura shi baƙaƙen bututun nan na baya, ya sauke zafi ya zama ruwa, ya bi wani siririn bututu ya shiga ciki, ya tafasa ya kwashe zafin abinci, ya dawo. Wani irinsa da ake kira R134a a wajen digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa. Haka zai yi ta kewayawa shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo.

Mai gyara na biyu ne ya gano namu. Ya matsa iska a bututun, ya bi shi da kumfar sabulu, sai ga kumfar tana tasowa a ɗakin ƙanƙara, daidai inda yara ke sa wuƙa su ɓamɓaro leda. Huda kamar bakin allura.

To me za mu kira shi? "Iskar sanyi" ta hunturu ce, kuma abin nan a wani sashe na tafiyarsa ruwa ne. "Ruwan sanyi" na randa ne. "Sinadarin sanyaya" daidai ne, zai yi kyau a littafi da rediyo, amma ban ga mai gyara yana faɗarsa a tsakar gida ba, kuma bai gaya wa Hajiya abin da ya kamata ta sani ba.

Ni na tsaya a kan jinin firji.

Jini zagayawa yake, zuciya ke tura shi, ga kwamfiresa nan ta samu suna ita ma. Wanda aka ce jininsa na zuba, rauni ake fara nema kafin a yi maganar ƙarin jini. Sannan ba kowane jini ake ƙara wa kowa ba. Tsofaffin firji na da R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka bar shi saboda illarsa ga sararin sama. Na bayansu R134a, sababbi da yawa R600a, wanda ke kama wuta. Ba a gauraya su. Irin na firjinka da yawan giram ɗinsa suna rubuce a takardar da ke manne a jikinsa.

Ƙanwata ta ce ba ta son a ambaci jini kusa da abinci. Na fahimce ta. Amma mun saba aron sunayen jiki mu ba kaya: bakin ƙofa, wuyan riga, gindin bishiya.

Kuma ba duk rashin sanyi ne na jini ba. A fara datse takarda da ƙofar firjin a ja. In ta zare salin-alin, robar ta saki. A kaɗe ƙurar bututun baya, a janye shi daga jikin bango, a duba ko wutar ce ba ta da ƙarfi.

Na Hajiya an liƙe hudar, an ƙara masa jini, zoɓo na daskarewa. Ta hana wuƙa shiga ciki. In ƙanƙara ta taru, sai a cire shi daga wuta a sa kwanon ruwan ɗumi a jira.