Tumatirin garka: me ya same ku, me kuka yi?

Daga Ringim: Assalamu alaikum. Bara na dasa tumatir gindi 20 a garkar da ke gefen rijiyarmu. Ya yi ganye shar, ya yi fure, amma da 'ya'yan suka fara girma sai ƙasan kowanne ya yi baƙi ya lotsa, kamar an ɗora masa garwashi. Ko kwano ɗaya ban tsinka ba, abin ya tsaya min a rai. Bana ina so in sake gwadawa. Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba ni haske.

Daga Kura: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ɓata kuɗinki a maganin feshi, wannan ba ƙwaro ba ne, ban-ruwa ne. Ni ma ya same ni shekarar da injina ya lalace: kwana huɗu ƙasa ta bushe ƙamas, da aka gyara na malala ruwa don in rama. Bayan mako biyu duk fangalin ya yi wannan baƙin. In ƙasa na bushewa tana jiƙewa ba tsari, sinadarin kalsiyam ba ya isa cikin ɗan tumatirin, sai ƙasansa ya mutu. Yanzu da sassafe nake ba shi, a gindi, ba a kan ganye ba, kuma ina rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don laima ta daɗe. Ki tura yatsa cikin ƙasa. In kin ji sanyi, bar shi sai gobe.

Daga Ringim: Wallahi haka na yi, Baba. Sai ranar da na samu sarari nake ja masa guga.

Daga Garun Malam: Ni tsutsar tumatir da ake kira sharon ce ta koya min hankali. A 2016 ta cinye mana gonaki, har kwandon tumatir ya gagari talaka, ba ta bar na cikin gida ba. Tsutsar ƙarama ce, tana shiga tsakanin fatar ganye, sai ka ga farin tabo kamar takarda, in ka ɗaga wa rana za ka hango ta ciki. A garka abin da sauƙi tunda gindin ba yawa. Kullum da la'asar ina bi ɗaya bayan ɗaya, in tsinke ganyen da ya kamu in ƙone. Ina daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma duk mako. Ba ya kashe ta duka, amma yana rage ta sosai.

Daga Haɗejiya: Yaya, ki kula da lokaci. Na yi dashe a Fabrairu, zafin Afrilu ya kakkaɓe furen tas. Wanda na dasa a Nuwamba, cikin hunturu, har kauɗa na shanya.

Daga Bunkure: Nawa ɗanyen kashin kaji ne ya ƙone shi. A bar taki ya ruɓe tukuna. Kuma in kin tuge tsohon gindi kin ga saiwa da ƙulu-ƙulu, canja wuri, ki sa albasa a nan.

Daga Ringim: Allah ya saka da alheri. Akwai buntu a wurin mai injin casa na unguwarmu, gobe zan tura yara da buhu.