Wane suna za mu ba sankarar da ke bin jijiya, da hoton da ke tona ta?

Jama'a, ku zo mu yanke hukunci kan sunan Hausa da za mu ba neurolymphomatosis, wato sankarar lymphoma da ta shiga jijiya. Likitoci biyu, Lhermitte ɗan Faransa da Trelles ɗan Peru, suka fara bayyana ta a 1934, mu kuwa har yau sai dai mu ce "kansa ce ta taɓa jijiya".

Ɓangaren lymphoma na sunan bai ba da wahala ba. Lymphoma sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini masu taruwa a kaluluwa, don haka "sankarar kaluluwa" ta zauna.

Rigimar tana wajen jijiya. Bahaushe da jijiya ɗaya yake kiran hanyar jini, da ta agara, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ka ce wa majiyyaci cutar ta shiga jijiya, sai ya miƙo hannu ya nuna inda ake ɗibar jini. Wani ya kawo "jijiyar laka". Tana da daɗin faɗi, amma cutar kan kama jijiyoyin fuska da na ido, su kuwa daga ƙwaƙwalwa suke fitowa kai tsaye. Ni "jijiyar saƙo" na zaɓa. Cikakken suna: sankarar kaluluwa mai bin jijiyar saƙo. Da tsawo, na sani.

Sai hoto. A asibiti komai "je ka yi hoto" ne, alhali nan bambancin ke ceton rai. Majiyyaci na zuwa da zogi mai hana barci, hannu ko ƙafa ta sage, a ɗauka illar maganin sankara ce irin vincristine. Ruwan laka sau da yawa ba ya nuna komai, yanko jijiya kuma na iya barin nakasa.

MRI dai hoton maganaɗisu ne, shi ke nuna jijiyar ta kumbura.

PET fa? Mutum zai yi kamar awa 6 bai ci ba, a yi masa allurar sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18, ya kwanta shiru awa guda. Ƙwayoyin sankara sun fi na lafiya haɗamar sukari, sai jijiyar ta fito a hoton kamar zare mai haske, daga wuya zuwa hammata ko daga ƙugu zuwa cinya. An kawo "hoton sukari", na ƙi, don masu ciwon suga za su ɗauka gwajinsu ne. "Hoton zarin sukari" nake so, ko da yake ƙwaƙwalwa ma tana haskawa, ita da ba ta da laifi.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, me kuke ji a bakin likitocinku?