Dam ɗin ƙauyenmu yana tsatsafo daga gindi: akwai haɗari?

Manomin Rani, Soba:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin ruwa. A ƙauyenmu akwai ƙaramin dam na ƙasa da aka gina tun ina yaro, da shi muke noman tumatir da albasa da rani, kuma nan Fulani ke shayar da shanu har ruwan fari ya sauka. Tun da watan Agusta ya kama muka lura gindin bangon ta baya kullum a jiƙe yake, har ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Kaduna ya ce in kwantar da hankalina, wai irin waɗannan ƙananan ana lissafa su cikin masu ƙaramin haɗari. Shin wannan yana nufin lafiyar dam ɗin ƙalau? Na tambaya ne domin akwai gidaje da islamiyya a ƙasan kwarin, waɗanda babu su lokacin da aka yi ginin.

Tsohon Injiniya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan garinku ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Matakin haɗari, wanda a ƙasashe irin su Amurka ake kasa shi uku, ƙarami da matsakaici da babba, ba ya auna ƙarfin bango ko kaɗan. Abin da yake aunawa shi ne ɓarnar da za a yi idan dam ɗin ya ɓalle. Dam ɗin da ya ruɓe amma jeji ne kawai a ƙasansa ƙaramin haɗari gare shi, sabo fil kuma wanda mutane ke kwana a ƙarƙashinsa babban haɗari ne. Duba lafiyar ginin kuwa bincike ne daban. Saboda haka ranar da aka kafa tubalin islamiyyar nan matakin naku ya tashi, ko an rubuta a takarda ko ba a rubuta ba.

Girma ma wani ma'auni ne na dabam. A ƙa'idar duniya, babban dam shi ne wanda tsayinsa ya kai mita 15, ko wanda ke tsakanin mita 5 da 15 amma yana riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 3. Irin su Kangimi a Igabi da Gurara suna da ma'aikata masu lura da su. Na ƙauye kuwa sau da yawa makiyayi ne ke fara ganin matsalarsa.

Batun tsatsafo, kusan kowane dam na ƙasa yana yinsa, don haka launin ruwan za ka duba. Ka ɗeba a farar kwalba ka ajiye ta kwana. Idan da safe garau yake, kuma yawansa ba ya ƙaruwa, da sauƙi. Idan ka ga laka ta kwanta a gindin kwalbar, to ruwan yana kwashe cikin bangon ne a hankali yana yin rami kamar na gafiya, kuma irin wannan ramin yana iya buɗewa cikin sa'o'i kaɗan.

Malamar Makaranta, Samaru:
Injiniya ya yi bayani, amma ina so Malam ya gaya mana halin da mafitar rarar ruwan take ciki. Na taɓa ganin inda manoma suka jera buhunan yashi a bakinta domin su ƙara ruwan rani, saboda laka ta cinye cikin dam ɗin kuma zafin bazara yana shanye saura. Ban ga laifinsu ba, amma bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa, nan da nan yake zaizayewa. Manya ma sun ɓalle, balle ƙanana: Bagauda a Kano a watan Agustan 1988, ga kuma Alau da ya shafe unguwannin Maiduguri a Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994.

Manomin Rani, Soba:
Na gode, Baba Injiniya, na gode Malama. Na yi gwajin kwalba, akwai ɗan jan ƙasa a gindinta, kaurinsa bai kai farce ba. Buhuna kuwa, gaskiya mu muka jera su bara. Akwai kuma darbejiya uku manya da suri biyu a jikin bangon. Matasa sun ce gobe za su tumɓuke su.

Tsohon Injiniya, Unguwar Rimi:
Ka hana su, Malam. Buhunan za su kwashe, yau ba gobe ba, domin ruwan ya ragu, nauyi ya sauka daga kan bangon. Ƙananan tsiro a sare su, amma tumɓuke babbar bishiya ana tsakiyar damina buɗe wa ruwa ƙofa ne, tun da saiwarta ta ratsa cikin bangon, sai an zo da rani a haƙe a sake cikewa a daddale. Surin ma haka, gara ta riga ta yi hanyoyi a ciki. Kada kuma ku toshe bakin tsatsafon da yumɓu, ruwan zai nemi wata mafita ne kawai. Yashi ake shimfiɗawa sannan tsakuwa a kai, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya.

Jan ƙasar nan, komai ƙanƙantarta, ta isa a kira masani ya gani da idonsa. Ku rubuta takarda ta hannun mai gari da hakimi zuwa ƙaramar hukuma, ku aika kwafi ga Hukumar Raya Kogin Neja ta Sama mai hedikwata a Minna, wadda Kaduna ke ƙarƙashinta, kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando idan kuna son shawarar ƙwararru. Kafin a zo, ku kafa sanda mai zane a cikin ruwa kuna dubawa safe da yamma, a hana shanu hawa bangon, sannan a sanar da mutanen kwarin tudun da za su nufa idan aka yi shela cikin dare.