Hoton da aka ɗauko a Google, sata ne ko ba sata ba?

Sani Mai Hoto: Duk bayan Sallah sai an maimaita. Mai hoto ya sha rana da ƙura a Ƙofar Kudu ya ɗauki Hawan Daushe, ya gyara, ya sa sunansa a gefe. Washegari sai ka ga hoton a shafuka barkatai, an yanke sunan, an rubuta "daga Google" a ƙasa. Google ba shi ya ɗauka ba, nuna maka inda hoton yake kawai ya yi. Masu yin haka ɓarayi ne.

Lawal: Ɓarayi kuma? Yaya Sani, a riƙa tauna magana. Sata ita ce a ɗauke maka abu ka rasa shi. Hotonka yana nan a kwamfutarka.

Malam Habibu: A fiƙihu, satar da ake yi wa haddi sai an fitar da dukiya daga ma'ajiyarta a ɓoye. Abin da aka baza a fili bai cika wannan sharaɗi ba. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba.

Lawal: To kun ji. Malam ya ce ba sata ba ce.

Malam Habibu: Rabin maganata ka ɗauka, ɗana.

Barista Jamila: Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ba ta buƙatar mai hoto ya yi rajista. Da ya danna kyamara, haƙƙin ya zama nasa, ko da babu suna a jikin hoton. Kariyar tana kai shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. Rubuta sunan mai hoto ma ba izini ba ne: ambaton suna daban, neman izini daban.

Lawal: Barista, kin ga "sata" a cikin dokar?

Barista Jamila: Keta haƙƙi ta ce, kuma ana kai mutum Babbar Kotun Tarayya a kansa.

Hajiya Rabi: Ni tambaya gare ni. Photoshop da Lightroom ɗin da masu hoto ke gyara da su, nawa ne suke biyan kuɗin wata? Yawanci fasassu ne, wato kwafin da ba a biya ba. Sannan ku ɗauki amarya, an biya ku, ku liƙa ta a Instagram kuna talla ba ku tambayi mijinta ko iyayenta ba. Wannan mene ne sunansa?

Sani Mai Hoto: Hajiya, Adobe, mai Photoshop da Lightroom, kamfanin Amurka ne mai biliyoyin daloli. Kar ki haɗa shi da yaron da ya ci bashi ya sayi kyamara.

Hajiya Rabi: Amaryar fa? Ita ma kamfani ce?

Aminu: Jama'a, ga mai son hoto ba tare da rigima ba. A binciken hotuna na Google ka danna Tools, ka shiga Usage rights, ka zaɓi Creative Commons, wato lasisin da mai hoto ke ba jama'a izinin amfani da hotonsa bisa sharuɗɗa. Kar ka tsaya nan, buɗe shafin asali ka karanta lasisin, don tacewar tana kuskure. In lasisin CC0 ne, ka ɗauka kai tsaye. BY sai ka rubuta sunan mai hoto da lasisin da mahaɗin inda ka samo. In ka ga NC, ba a kasuwanci da shi, mai tallan atamfa ya kauce. ND kuma ba a sauya shi. Wikimedia Commons yana rubuta lasisi a ƙarƙashin kowane hoto, shafukan hotuna na Unsplash da Pexels kuma kyauta ne. Ka ɗauki hoton allon shafin lasisin ka ajiye, don mai hoto yana iya goge shafin.

Aminu: Mai hoto kuma ya adana fayil ɗin RAW, wato asalin hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, shi ne hujjarsa. WhatsApp yana goge bayanan cikin hoto in ba a matsayin fayil aka tura ba. A nemo masu kwafi da Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto ya bayyana a intanet, a cike fom ɗin haƙƙin mallaka na Facebook da mahaɗin asali da na kwafin.

Lawal: Duk wannan wahalar a kan hoton doki? Talla ma muke muku kyauta.

Sani Mai Hoto: Talla da sunan da kuka yanke?

Hajiya Rabi: Har yanzu ba a amsa min ba.

Ibrahim (mai kula da zaure): A taƙaice, Malam da Barista duk sun tabbatar da maganar Sani cewa sata ce. Lawal bai kawo hujja ba. Batun Photoshop da amare ba shi ne a gabanmu ba. Daga yau duk wanda ya turo hoto nan ba sunan mai shi, za a goge.

Hajiya Rabi: Malam Ibrahim, kai ma situdiyo gare ka, shi ya sa. Babu wanda ya ce sata a cikinsu biyun. In za a goge, a haɗa da hotunan amaren da ba a nemi izininsu ba.