Tankina ba a huda shi ba, wane akwatin malala zan rataya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tankin kifina na gilashi lita 240 ne, tsawo santimita 120, faɗi 45, kifi na ciki, ba halin kwashe su. Na haɗa tankin tacewa na lita 60 a ƙasa. Ina neman akwatin malala, wato wanda ake ratayawa a bakin tanki yana zuƙo ruwa zuwa tankin ƙasa, famfo ya mayar da shi sama. Wanne zan rataya, akwati mai lanƙwasasshen bututu kamar U, ko wanda ake haɗa wa ƙaramin famfon zuƙe iska?

Baban Kifi: Wa alaikumus salam. Ka huda shi ka huta. Ramin milimita 45 ya isa bututun inci 1, ruwa na zuba a bakin abin hudar, kada ka danna.

Mai Gwaji: Haba Malam, ya ce kifi na ciki. Kuma in gasasshen gilashi ne, kana fara huda shi zai tarwatse. Ɗan'uwa, ɗauki mai U. In an ɗauke wuta, bakinsa biyu na nan nutse cikin ruwa, zuƙon ba ya yankewa. Ɗayan kuwa ya dogara da famfon iska, ranar da siririn tiyonsa ya toshe, iska ta taru. Wajen tayar da mai U ɗin, cika akwatinsa na cikin tanki da na waje da ruwa, zura siririn tiyo har ƙololuwar lanƙwasar, tsotse iskar tas, ka toshe bakin da yatsa, sannan ka zare.

Yaya Babba: Duk akwatin ratayawa sai ya ci amanarka wata rana, mai U ɗin ma. Ruwa in ba ya gudu da ƙarfi, ƙwayoyin iska na taruwa a saman bututun, yau kamar ƙwayar ido, jibi ta cinye rabin hanya. Zuƙo ya yanke, famfon ƙasa bai sani ba, yana ta turo ruwa har tanki ya cika ya batse a kan soket, shi kuma ya ƙone a bushe. Dodon koɗi guda ɗaya ma ya isa ya toshe magudanar. Wanda bai taɓa tsane ɗaki da tsakar dare ba, ya bar ba da shawara.

Mai Gwaji: Allah ya huci zuciyarka Yaya, amma laifin lissafi ne. Tankinsa kowane santimita 1 lita 5.4 ne. In ya bar santimita 2 tsakanin ruwa da baki, wurin kusan lita 11 ke nan. To ya raba ɗakin famfo a tankin ƙasa da gilashi yadda ruwan cikinsa ba zai wuce lita 8 ba. Ko zuƙo ya yanke, ba abin da zai zube. Ya ƙara makunni mai yawo a kan ruwa da zai kashe famfon, ya sa raga a bakin magudana.

Uwar Tanki: Kun manta da bututun mayar da ruwa. Da an ɗauke wuta shi ma zuƙo yake yi zuwa ƙasa. A huda masa rami na milimita 3, kamar santimita 1 ƙasa da saman ruwa, a riƙa sakace shi saboda gansakuka. Kada a dogara da bawul mai hana komawa, datti kaɗan ke hana shi rufewa. Sannan a zare filogi a tsaya a gani, tankin ƙasa ya ɗauke abin da ya sauko ko bai ɗauke ba.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya. Famfona an rubuta lita 2,000 a awa. Bututu ɗaya ya isa, ko in sa biyu?

Baban Kifi: Abin da ke ƙona min rai ke nan. Wannan lambar ta kwali a ƙasa suka auna ta, ba hawa ba kwana. Ɗaga ruwan mita 1, ka sa gwiwa biyu, ka ga abin da zai rage. Kai lita 700 zuwa 1,200 a awa kake buƙata. Tara ruwan a bokitin lita 10, ka ƙirga daƙiƙa.

Yaya Babba: Su masu akwatin ma haka suke rubuta tasu lambar. Gwada kai ta can ka ji gurnanin magudana.