Shawarwarin da aka bayar kan atisayen tseren zamiya a dusar ƙanƙara ga masu nakasa

Jama'a, ga abin da na tsinto daga maganganunku.

1. Kowa ya yarda a fara da tantance rukunin da ɗan tsere zai shiga. Rukuni uku ne: masu tsayuwa, masu zama a kujerar zamiya, da masu larurar gani. Tun 2022 hukumar FIS, wato hukumar wasannin zamiya a dusar ƙanƙara ta duniya, ce ke kula da wasan, kuma ana daidaita lokacin ɗan tsere gwargwadon nakasarsa.

2. Masu zama sun fi nanata kula da kafaɗa. Da ita ake tura keken guragu, da ita ake dogara sandunan hannu. In ta samu rauni, ko hawa gado sai ya gagara. Sun ce a duba fata kowane dare, domin wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin gyambo ko cizon sanyi. Wannan batu ya taɓa ni ƙwarai.

3. Mai larurar gani ya riƙe ja-gora ɗaya, su saba da gajerun kalmomin umarni ta rediyon hular kwano.

4. An rabu kan gudun gangara, wato nau'in tseren da ya fi kowanne sauri. Wasu sun ce kada a kusance shi sai an ƙware a kewaya turaku, wato zamiya ana kurɗawa tsakanin turakun da aka kafa a hanya. Wasu kuma sun ce jinkiri tsoro yake ƙarawa.