Wai da gaske Amurka ta fara sakin ragamar ƙirƙira?

Bala Mai Sola: Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa sola, kuma akwai abin da ke ɗaure mini kai. A ɗakin binciken Bell na Amurka aka fara ƙera farantin sola mai amfani a 1954, amma yau sama da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya a Sin ake yin su. Batir ma haka. Nau'in nan na litiyam mai ƙarfe da fosfet da muke ɗora wa mutane, a Jami'ar Texas su John Goodenough suka gano shi. Kamfanin A123 na Amurka da ya ɗauko yin sa ya durƙushe a 2012, Wanxiang na Sin ya saye shi, yanzu kamfanonin Sin, CATL da BYD, ke cin kasuwar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. To basirar ce ta ƙare wa Amurkawa, ko wani abu ne daban?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malam Bala. Basira ba ta ƙare ba, masana'antu ne suka yi ƙaura, ita kuma ƙirƙira masana'anta take bi. Injiniyan da ke tsaye kan injin kullum shi ke gane inda za a rage ɓarna, ya sauya sinadari, ya sauko da farashi. Wanda ya zana abu a ofis ya aika ƙetare a ƙera masa, bayan shekara goma sai ka tarar mai ƙerawar ya fi shi sanin kayan. Dubi cip, 'yar ƙwaƙwalwar nan ta cikin waya da kwamfuta. A 1990 Amurka na ƙera kashi 37 na duniya, zuwa 2020 ya koma kashi 12, mafi ingancinsu kuma kamfanin TSMC na Taiwan ke yi. Ga gwamnati ta janye hannu: a tsakiyar shekarun 1960 tana zuba kusan kashi 2 na arzikin ƙasa a bincike, yanzu ko kashi 1 bai kai ba. Kamfanoni na kashe kuɗi sosai, amma kan abin da zai kawo riba da wuri. Ɗakin Bell ɗin da ka ambata ma yau mallakar kamfanin Nokia na Finland ne.

Hajiya Rabi: Malam Sani, ban ƙi ta taka ba, sai dai wannan kukan ba yau aka fara shi ba. A 1957 da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik cewa aka yi an gama da Amurka, sai ga hukumar sararin samaniya ta NASA da hukumar binciken soja ta ARPA a 1958, daga ARPA ɗin kuma intanet ta samo asali. A shekarun 1980 Japan ce dodon. Ina aka kwana? Har yanzu Nvidia mai sana'ar cip, Apple, Google da SpaceX na Amurka ne.

Malam Sani: Hajiya, Japan ƙawa ce mai sansanonin sojan Amurka a ƙasarta, shi ya sa aka iya matsa mata ta sa hannu kan yarjejeniyar cip ta 1986, kuma yawan jama'arta kusan rabin na Amurka ne a lokacin. Sin ta ninka Amurka sau huɗu, ba kuma mai ba ta umarni. A 2019 ta wuce Amurka wajen neman rajistar ƙirƙira ta ƙasa da ƙasa, matsayin da Amurka ta riƙe tun 1978. Na san da yawan rajistar ba su da wani nauyi, amma a Janairun 2025 da kamfanin DeepSeek na Sin ya fito da manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya. Su kansu Amurkawa sun ji a jikinsu, in ba haka ba ba za su ware kimanin dala biliyan 52 a 2022 don dawo da ƙera cip gida ba.

Dakta Umar: Ni abin da nake kallo mutane ne. Babban jarin Amurka shi ne hazikan duniya na son zuwa can. Katalin Karikó da ta ci kyautar Nobel a 2023 kan fasahar rigakafin korona 'yar Hungary ce, shugaban Nvidia kuma a Taiwan aka haife shi. In aka tsananta biza, wannan rijiyar ce za ta fara ƙafewa. An taɓa yi: Qian Xuesen yana cikin waɗanda suka kafa ɗakin binciken roka na JPL a Kalifoniya, aka zarge shi da kwaminisanci, ya koma Sin a 1955, shi ya ɗora musu harsashin shirin makamai masu linzami da na sararin samaniya.

Bala Mai Sola: Na gode ƙwarai. Malam Sani, saura tambaya ɗaya: masana'antar da TSMC ya gina a Arizona, Amurkawa za su koyi aikin ne a ciki, ko sirrin zai ci gaba da zama a Taiwan?